GYARAN GIDA: MUNA ƘAWATA WA BAƘO, MUNA TOSHE WA IYALI ISKA



Damina ta ɗauke, duk unguwar da ka shiga yanzu sai ka ga tarin yashi da bulo a ƙofar wani gida. Lokacin gyara ne. Wanda ruwan Agusta ya yi wa ɓarna yana toshe baraka, mai aurar da ɗa yana fafutukar gama ɗaki kafin biki, mu kuma 'yan albashi, duk wanda ya kwashi adashe ko ya samu bashin ƙungiyar ma'aikata, gida ne farkon abin da ke zuwa masa a rai. Abu ne mai kyau, Allah Ya hore wa kowa. Amma akwai wata magana da nake so mu tattauna kafin kuɗin su ƙare.

A ofis abokan aiki kan nuna mini lissafin gyaran da birkila ko ɗan kwangila ya rubuto musu, wai in taya su dubawa. Kusan duk iri ɗaya ne: tayil, silin fi-o-fi mai fitilu kala-kala, fenti, labule, sabon get, intalok a tsakar gida. Har yau ban ga takardar da aka ware ko layi ɗaya aka ce wannan kuɗin na hanyar shigar iska da fitar hayaƙi ne ba. Sau da yawa ma gyaran ne ke kashe 'yar iskar da gidan yake samu a da. Ra'ayina shi ne, iskar da iyali za su shaƙa ita ya kamata ta hau layin farko a lissafin gyara, ado ya biyo baya da abin da ya rage.

Mu duba wa ke zaman gidan nan tukuna. Maigida ya fita ƙarfe bakwai da rabi, ya tashi daga aiki ƙarfe huɗu, ya biya majalisa, sai bayan isha'i ya shigo. Uwargida da yara ƙanana da tsohuwa su ne ke wuni a ciki su kwana a ciki. Amma ranar da za a tsara gyara, maigida ne da birkila ke tsayawa su yanke komai, matar da ta san inda hayaƙi ke taruwa da ɗakin da ba ya kwanuwa a watan Afrilu ba a ko tambaye ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, sama da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mafi yawa daga hayaƙin girki ne da na jin ɗumi. Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne, kicin ɗinmu ake magana.

Gidan da da yawanmu muka tashi a ciki, tsakar gida buɗe take har sama. Murhu na gefe a madafi ko ƙarƙashin rumfa, hayaƙi ya tashi ya yi tafiyarsa. Ba na cewa ginin da ba shi da aibu. Ɗakunan soro da yawa tagarsu ba ta fi tafin hannu biyu ba. Amma katangar tubali mai kauri tana riƙe sanyi, kuma rayuwa a waje ake yin ta, da zafi ma a tsakar gida ake shimfiɗa tabarma a kwana. Yanzu filotin ya tsuke, ga awon igiya, ga rabon gado da ke mayar da gida ɗaya gida huɗu. Sai muka ɗauko tsarin fulat muka cusa a ciki. Kicin ya koma cikin gini, tsakar gidan da ta rage kuma aka lulluɓe ta da kwano don kada ruwa da ƙura su ɓata tayil. Wani abokin aikina ya yi haka, ya kira ni in ga aiki. Wallahi aiki ya yi kyau. Amma da azahar muka shiga sai da aka kunna fitila, kuma daga bakin ƙofa ina jin warin gawayin da aka dafa abincin rana da shi, don hayaƙin ba shi da inda za shi sai falo da ɗakunan kwana.

A nan ne tsadar rayuwa ta shigo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi da itace. Kicin ɗin kuwa an gina shi ne da tunanin gas, 'yar taga ɗaya ce can sama. Sai ka tarar da kurfoti a cikin kicin ɗin da ko risho bai kamata a kunna ba tare da an buɗe ƙofa ba. Mutane na ganin tunda gawayi ba ya hayaƙi kamar itace, to lafiya lau ne. Gawayi na fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga jini, tana maƙale masa fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita ke yi har sau 200 da ɗoriya, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Alamunta ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya. Wa zai ji wannan bai ce maleriya ba ce? Wanda kuma ta samu yana barci, ba lallai ya farka ba.

Wannan iskar ce dai ke fitowa daga janareta. Kowa a cikinmu ya sha jin labarin iyalin da aka wayi gari aka ɓalle ƙofa aka tarar da su duka sun rasu. Nan da nan sai a fara cewa guba aka sa musu a abinci, wasu su ce aljanu ne. Sau da yawa in aka bincika, janareta ne aka shigo da shi baranda ko lungun bayan taga don tsoron ɓarayi. Masana na cewa a nisanta shi da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato wajen mita 6, bakin salansa yana kallon waje. Na san gidaje da yawa ba su da wannan filin. To tunda ana gyara, nan ne wurin da za a kashe kuɗi: a yi masa keji na ƙarfe mai kwaɗo a can nesa da ɗakin kwana, iska na ratsa shi, in ta kama a ja masa bututu hayaƙin ya fita sama da katanga, ba kuma cikin tagar maƙwabci ba. Kuɗin kejin bai kai na fitilun silin falo ba. Masu sola ma su sani, batir irin mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin da yake caji, ba abin ajiyewa a ƙarƙashin gado ko a rufaffen sito ba ne.

Ga hunturu kuma yana tafe. Za a fara shigar da kasko ɗaki, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Inda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin mai jego. Jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, babba kuwa 12 zuwa 20 ne. Duk abin da ke cikin iskar ɗakin, shi ya fi kowa kwasa. Don Allah iyayenmu mata, in an ji ɗumi a fitar da garwashin kafin a kwanta, a bar wata 'yar kafa a taga.

Sai maganar taga kanta. Yayin da ake yi yanzu shi ne a cire tsohuwar luba ko taga mai marfi biyu, a sa mai zugewa, wadda ake kira silaidin. Tana da kyan gani, ban musa ba. Amma ku lissafa da kanku: komai girmanta, rabi kawai take buɗewa, don gilashi ɗaya bayan ɗaya yake shiga. Wato ka biya kuɗi an rage maka rabin iskar ɗakinka. A kan wannan a ɗora ƙarafan tsaro, a ɗora raga, a ɗora labule mai kauri hawa biyu. In ana da na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya, to da sauƙi. Nawa ne a cikinmu ke da su? Kuma taga ɗaya ba ta wadatar da ɗaki. Iska sai ta samu mashiga da mafita take tafiya, shi ya sa ake son taga biyu a bango daban-daban, ko aƙalla a bar wata kafa a saman ƙofa, don iska mai zafi sama take taruwa.

Wannan ba maganar jin daɗi kawai ba ce. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa fama da shi a Afirka. Sanƙarau kuma mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labari ba. A 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kuma duk shekara in zafi ya kama ma'aikatan lafiya sai sun hau rediyo suna roƙon a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe tagogi. To ina amfanin roƙon in tagar da kanta ba ta buɗuwa?

Yanzu mu zo kan fenti. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Duwatsun zinare aka riƙa shigowa da su cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta zauna a tsakar gida da ɗakuna, yara na rarrafe a kai suna kai hannu baki. Sai da aka bi gida-gida ana kwashe ƙasar sama ana zuba sabuwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dalmar ana samun ta a wasu fentocin mai, musamman masu launi mai haske irin rawaya da ja. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan fentin da ake sayarwa a kasuwanninmu sun sha gano ta da yawa. Ba ina cewa fenti zai yi kisa irin na Zamfara ba ne. Ɓarnarsa a hankali take: tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Likitoci sun ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, mai ciki ma tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta.

Lokacin gyara ne haɗarin ya fi yawa. Mai fenti ya zo da samfefa ya kankare tsohon fentin ƙofa da tagogi a bushe, ƙura ta cika gida, yara na wasa a wurin, da yamma a share da tsintsiya ta sake tashi. Abin yi ba shi da tsada. A fitar da yara da mai ciki har a gama. A jiƙa wurin kafin a kankare. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. A cikin ɗaki a yi amfani da fentin ruwa, a bar na mai ga ƙarfen waje, kuma a nemi gwangwanin da aka rubuta ba shi da dalma, na kamfanin da aka san shi, ban da haɗin bayan kasuwa da ake aunawa a jarka.

Wannan ya kawo ni kan ɗakin amarya. An gama fenti ranar Laraba, 'yan jere sun zo Alhamis, an kawo amarya Asabar. Sabon fenti da tina, sabon kafet da gam ɗinsa, sabbin gado da sif na katakon nan da ake matsewa daga dusa da gam, duk suna fitar da tururin sinadarai. Ɗaya daga cikinsu, fomaldihaid, tun 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Warin nan da muke cewa ƙamshin sabon abu, shi ne. Sai a rufe tagogi, a saki labule, a bi da turaren wuta don a kashe warin. Kwana biyu amarya na ciwon kai, ido na ruwa, ango na atishawa, a ce gajiyar biki ce. Ni ba na faɗa da turaren wuta, al'adarmu ce mai kyau, gidana ma ana yi. Amma hayaƙi ne, kuma ba ya korar wancan tururin, ƙari yake yi a kansa. A gama fenti da wuri, ko da mako biyu ne kafin jere, a bar tagogi a buɗe, a buɗe durowoyin sabbin kaya su sha iska. In za a yi turare a yi da taga a buɗe, ban da kusa da jariri ko mai asma. Haka maganin sauro na kunnawa. Fiya-fiya kuwa asalinsa maganin ƙwarin gona ne, bai da hurumi a ɗakin da mutum zai kwana. Raga a taga da gidan sauro sun fi shi amfani, ba sa kuma ƙarewa duk mako.

Akwai kuma tsohon silin asbesto, farin allon nan da ke cike da tsofaffin kwatas na gwamnati da makarantu da gidajen da aka gina shekaru talatin ko arba'in baya. Kowa yanzu so yake ya ɓalle shi ya sa fi-o-fi. Matuƙar yana nan lafiyayye ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Fasa shi ne matsalar. Yana sakin wasu siraran zare da ido ba ya gani, su shiga huhu su zauna, sai bayan shekara 20 zuwa 40 ciwon ya bayyana, ciki har da kansar da ba a cika warkewa ba. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Mu a nan lebura ne zai hau da guduma, ba komai a hancinsa, ya farfashe shi, a kwashe ɓaraguzan a cike ramin layi, yara su ɗebo suna zane da shi. In silinka bai lalace ba, ka bar shi, ka yi masa fenti ko a rufe shi ta ƙasa ba tare da an huda shi ba. In dole sai an cire, a kwashe iyali, a jiƙa shi sharkaf, a sauke allo-allo ba fasawa ba yankawa, a naɗe a kai inda za a binne. Ma'aikacin kuma a saya masa takunkumi na gaske mai tace ƙura, ƙyalle ba ya tare wannan. Shi ma ɗan wani ne, hakkinsa na wuyanka. Haka yaron da ke yanka tayil a bushe har gashin idonsa ya yi fari, a sa masa ruwa a bakin injin.

Danshi kuma, abin da muka iya shi ne ɓoyewa. Bango na jiƙewa daga ƙasa, fenti na ɓarewa, baƙar fumfuna ta fito a bayan sif, sai a ce a manna tayil har rabin bango. Ruwan bai tafi ko'ina ba, sama zai ƙara hawa. Fumfunar nan tana tayar da asma da mura marar ƙarewa. A nemo tushen: famfon da ke yoyo a cikin bango, indararon da ke zuba a gindin gini, kwatar da ta toshe. Mai sabon gini kuma kada ya yarda a tsallake ledar da ake shimfiɗawa a kan tushe don hana danshi hawa, tun ran gini tun ran zane.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Wani zai ce, malam, ana fama da abin sawa a baki kana maganar taga. Gaskiya ne, wanda ba ya gyara ba da shi nake ba. Da wanda ya riga ya ware kuɗi nake, kuma mafi yawan abin da na lissafa canjin tsari ne, ba ƙarin kuɗi ba. Barin tsakar gida a buɗe ma ragi ne. Wani zai ce tsaro fa, da ƙurar hunturu, da idon maƙwabta? Duk gaskiya ne. Amma kafa a can saman bango mai ƙarfe da raga, ɓarawo ba ya shiga, ba a kuma leƙe ta nan. Ranar da ƙura ta yi yawa a rufe, in ta lafa a buɗe. Taga mai buɗuwa kana da zaɓi a kanta, bangon da aka toshe ba ka da shi. Ɗan haya kuma zai ce gidan ba nasa ba ne. To aƙalla inda za a ajiye janareta da kurfoti da kasko yana hannunka, kuma kafin ka biya kuɗin shekara ka duba tagogi kamar yadda kake duba tayil.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba. Da akwai duba-gari, suna shiga gida-gida, ana kuma shakkarsu. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yanzu a ƙananan hukumomi, a ba su kayan aiki da horo su dawo, su zo da wayar da kai, ba rasit ɗin tara kawai ba. Hukumomin da ke amincewa da zanen gini su duba taga da mafitar hayaƙin kicin kamar yadda suke duba takardar fili. SON da NESREA su riƙa ɗibar fenti daga kasuwa suna gwadawa, su faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa a rediyo. Ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci da masu fenti kuma a zauna da su, don maganarsu ta fi ta likita shiga kunnen mai gida a ranar aiki.

Kafin gwamnati ta motsa, ga abin da nake ba wa duk wanda ya kawo mini lissafinsa shawara. Ka fara zama da maiɗakinka, ka tambaye ta ina hayaƙi ke damunta, wane ɗaki ne ya fi zafi, wane bango ke wari da damina. Sannan ka jera aikin haka: yoyo da danshi tukuna, sai tagogi da kafofin iska, sai kicin da babbar taga da wurin gawayi a waje, tukunyar gas ita ma a waje cikin keji, sai mazaunin janareta. Abin da ya saura a yi tayil da fi-o-fi da labule. In bai isa ba, silin falo zai iya jira zuwa baɗi, baƙon da zai yaba shi minti talatin zai yi ya tafi.

Masu sana'ar gini da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ku ƙara mana da abin da kuka gani a wurin aiki. Wanda kuma ya san wani ɗan'uwa da ke shirin gyara ko aurarwa, ya tura masa kafin a sauke yashi.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya tsare mana iyalanmu.